Waya ta Talatin da Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Ranar farko. An ce ƙarfe takwas, na isa gidan wasan kwaikwayon bakwai da minti arba'in. Na tsaya a bakin ƙofa minti ashirin don kada a ce na cika zaƙewa.

Gwajin mako uku ne. Darakta ta faɗa ba ta ko ɗago kai ba: in aka buɗe wasa ranar Asabar 22 ga wata lafiya, kujerar tawa ce. In ba haka ba, "ƙofar da kika shigo ba a toshe ta ba."

Na'ura biyu zan riƙe. Ta farko samfula ce, ba ta fi faranti girma ba, a cikinta aka adana gangunan wasan da muryoyinsa, zango shida. A nan Akwati suke ce mata. Ta biyu modula ce, tsayinta ya kai ƙirjina, duk ramuka da maɓallai, sai an haɗa rami da rami da waya take yin ƙara. Ita kuma Kabad. Akwati ke ba da agogo, Kabad na bi. Taki 120 a minti, bugu huɗu a kowane taki. A takarda na san wannan kamar yunwar cikina. Da hannu kuwa ban taɓa taɓa irin wannan Kabad ba. Ban gaya wa kowa ba.

Wanda ya riƙe kujerar shekara goma sha tara ya ajiye aiki, hannunsa ya fara rawa. Tsoho suke ce masa. Ya bar zanen wayoyi a takarda, da kofin shayi mai tsagewa a aljihun tebur.

Umma ta riga ta gaya wa duk layinmu cewa 'yarta injiniya ce. Na ce gwaji ne fa. Ta ce, "Gwajin me kuma, bayan wanda aka yi miki shekara huɗu?"

Laraba, 5 ga Maris

Na yi wa Kabad gyaran fuska. Wayoyin sun cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, na ciro su ɗaya bayan ɗaya, na goge, na mayar, na manna wa kowace lamba.

A zane waya 31. A jikin Kabad 32. Na ƙirga sau uku.

Ta talatin da biyun ruwan toka ce, an naɗe ta da tef a wuri biyu, an ɗaura mata jan zare. Ta fito daga wani ƙaramin rami a bayan Akwati, ta shiga wani rami can ƙasan Kabad wanda rubutunsa ya goge. Na zare ta, na kunna zango na ɗaya, na saurara minti uku. Babu abin da ya canza. Na jefa ta a jakata, na ce zan auna ta a gida.

Darakta ta wuce, ta ce, "A'a, yau Kabad ya yi wanka." Daɗi ya kama ni har kunne.

Juma'a, 7 ga Maris

Yau na ga tsallen da kowa ke magana. A zango na biyar yake. Wani siririn ɗan wasa, Tsuntsu, yana tsaye a kan dandamali mai tsayin mita biyu da santimita tamanin. A ƙasa Dogo ne, ya ba shi baya. A taki na uku Kabad na yin wani gurnani guda ɗaya, ta 'yar lasifikar da ke ƙasa kusa da ƙafar Dogo, shi kaɗai ke jinsa sosai. Da ya ji sai ya juya ya buɗe hannu. A taki na huɗu Akwati ta buga babbar ganga, Tsuntsu ya saki jiki.

Sau bakwai suka yi, duk daga farkon zango na biyar. Sau bakwai Dogo ya cafe shi kamar an miƙa masa jariri.

A gwaji akwai katifa mai kauri a ƙasa. Ranar wasa siririya za a sa.

Tsuntsu ya raɗa mini suna Farfesa, wai saboda ina rubuta komai. Dogo kuwa ƙanwata yake ce mini. Shekararsa goma sha huɗu a gidan, furfura ta fara fito masa a gemu. Da hutun rana ya ɓare lemo ya miƙo mini rabi, ya ce, "Amma ba a kan na'ura ba, ƙanwata. Tsoho zai ji a jikinsa."

Litinin, 10 ga Maris

Lafiya lau. Waya 31, safe da yamma.

Talata, 11 ga Maris

An yi wasan gaba ɗaya karo na farko, daga zango na ɗaya ba tsayawa. A tsallen Dogo bai gama juyowa ba Tsuntsu ya iso. Kafaɗa ta bugi kafaɗa, Tsuntsu ya faɗa katifa ta gefe. Ya tashi yana dariya, amma na ga yana murza wuya.

Dogo ya ce gurnanin bai zo a kan lokaci ba.

Darakta ta ɗaga murya daga kujerun 'yan kallo: "Injiniya, na'urarki lafiya?"

Na duba. Agogo 120, fitila na ƙyaftawa daidai, kowace waya a raminta. Na ce komai daidai yake da zane. Gaskiya na faɗa.

Aka sake tsallen shi kaɗai sau biyar. Duk lafiya. Darakta ta ce, "To ka gani. Gajiya ce. Minti ashirin da shida kana motsi kafin a zo wurin, ba kamar da ba ne, Dogo."

Alhamis, 13 ga Maris

Karo na biyu gaba ɗaya. Ya sake faruwa. Wannan karon haɓar Tsuntsu ta sami gwiwar hannun Dogo, leɓensa ya fashe. Jini a farar riga. Ba dariya yau.

Na ji Dogo yana cewa, "Wallahi tare da gangar na ji shi. Tare." Darakta ta ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to wa ya tsira a nan? Ta ce tana da kwana tara, ba za ta buɗe wasa da addu'a kawai ba.

Ta sake tambayata. Na sake cewa daidai da zane.

Da zan tafi na tarar da shi zaune a matakala yana danna kunnensa na dama da yatsa, ya saki, ya sake dannawa.

Juma'a, 14 ga Maris

'Yan wasa ba su da gwaji da safe, sai na naɗi sautin na'urorin biyu a kwamfuta, kowace a layinta, daga farko har ƙarshe. Na auna.

In an fara daga zango na biyar, gurnani na sauka a taki na uku cif.

In an fara daga zango na ɗaya, yana makara da rabin sakan. Taki guda cur. Ya faɗa ƙarƙashin babbar ganga, ta haɗiye shi.

Na bi baya a hankali. Duk lokacin da Akwati ta tsallaka daga zango zuwa zango, tana cinye bugu ɗaya. Kabad ba ya sani, ya ci gaba da ƙirgensa, a baya da bugu ɗaya. Kafin zango na biyar tsallakawa huɗu. Bugu huɗu. Taki ɗaya. A zangunan farko dogayen sautuka kawai Kabad ke yi, shi ya sa kunne ba ya kamawa.

Amma bara sun yi wannan wasa da waɗannan na'urori sau talatin ba wanda ya faɗi. To me ya canza?

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma na buɗe jakata neman biro. Tana nan a ƙasa, da jan zarenta.

Na soka ta. Na sake naɗa. A farkon kowane zango Akwati na aiko da bugu guda ta cikinta, yana ce wa Kabad koma farko. Minti uku na saurara ranar Laraba, zango na ɗaya kuwa minti shida ne. Ban ko kai inda take aiki ba.

Na zare ta na mayar jaka. Ban san dalili ba. Hannuna ne ya yi.

Asabar, 15 ga Maris

Ban ci abin kirki ba. Umma ta taɓa goshina, ta ce ko dai aikin injiniya da azumi ake yinsa.

Na gaya wa Yaya a bakin famfo yana wanke babur ɗinsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To kin gano matsalar?" Na ce e. "Kin iya gyarawa?" Na ce sakan biyu. Ya ce, "To mene ne na kuka? Ki mayar musu da wayarsu ki ja bakinki. Wanda ya gyara ba a tambayarsa wa ya ɓata. Shekara ɗaya da wata biyu kina yawo da takardu a ambulan, kin manta?"

Ban manta ba. Takardar neman aiki arba'in da ɗaya. Amsa uku.

In na mayar da ita ranar Litinin, Dogo zai cafe, Darakta ta huce, shi ke nan. Ba wanda ya cutu fiye da leɓe. Haka na tsara.

Litinin, 17 ga Maris

Na isa bakwai da rabi, na mayar da wayar kafin kowa ya zo. Waya 32.

Ƙarfe tara Darakta ta tara mutane. Ta ce ta yi tunani ranar hutu. Daga yau Giwa ne zai cafe. Giwa saurayi ne mai faɗin ƙirji, shekararsa biyu a gidan. Dogo zai koma jan labule da ɗaukar kaya "har a ga yadda hali zai yi."

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Sai aka ce a kunna, na kunna.

Gaba ɗaya daga zango na ɗaya. Gurnani a taki na uku. Giwa ya juya, ya cafe. Aka yi tafi. Aka sake bayan hutu, ya sake cafewa. Tsuntsu ya haye wuyansa yana ihu. Wata daga cikin 'yan wasa ta ce, a hankali amma na ji, "Ashe dai tsufa ne."

Dogo na riƙe da igiyar labule, shi ma ya yi tafi.

Gyaran da na yi shi ya zama shaida a kansa. Wannan ban lissafa ba.

Talata, 18 ga Maris

Darakta ta ce tana jin daɗin aikina, ba ni da hayaniya. Na ce na gode.

Babu lemo yau.

Laraba, 19 ga Maris

Tsoho ya zo ɗaukar kofinsa. Gajere ne ashe, da tabarau a rataye a wuya. Ya tsaya gaban Kabad yana karanta lambobin da na manna, yana gyaɗa kai. Ya ce, "'Yata, kin fi ni tsabta, wannan ba gardama." Sai ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye.

"Zaren nan a gefen Kabad nake ɗaura shi. Ya aka yi ya koma gefen Akwati?"

Na ce na cire ta na goge. Ya ce to.

Na tambaye shi me ya sa ba ta cikin zane. Ya ce zanen tun Akwati na amarya aka yi shi, daga baya ta koyi haɗiye bugu, shi kuma ya yi mata magani. "Rubutu na me? Ai na sa ja. Ja a gidan nan, kada a taɓa. Kowa ya sani."

Kowa ya sani. Na ɗaga kai na duba. Jan zare a igiyar labule ta uku. Jan zare a ƙusar dandamalin Tsuntsu. Jan zare a makunnin fitilar da ke bayan ƙofa. Kwana goma sha shida ina wucewa ta gabansu. Ba wanda ya gaya mini, don ba wanda ya tuna cewa abin faɗa ne.

Ya hango Giwa yana motsa jiki a ƙasan dandamali, ya ce ina Dogo. Na ce yana labule. Na gaya masa an ce ya saki Tsuntsu sau biyu.

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya kalli wayar. Ya ce, "Dogo bai taɓa sakin mutum ba."

Kofin ma bai ɗauka ba. Ya juya shi a hannunsa mai rawa, ya mayar aljihun tebur. Ya ce, "Bar shi nan. Mai kujera ke sha da shi."

Alhamis, 20 ga Maris

Na rubuta komai a shafi biyu, da ranaku da awoyi. Na kai wa Darakta ofis kafin gwaji.

Ta kalli takardar ta turo mini. "Ni ba na cin lissafi. Nuna mini."

Na juya gurnanin zuwa manyan lasifikoki yadda kowa zai ji. Na zare wayar. Muka zauna ni da ita a ɗakin wasa ba kowa, minti ashirin da shida. Da zango na biyar ya shigo ta fara ƙirge da tafi. Ɗaya, biyu, uku. Shiru. Huɗu, gurnani da ganga tare.

Na ce in mayar da wayar a sake? Ta ce ba sai an sake ba.

"Yaushe kika cire ta?"

Biyar ga wata.

"Wannan kuskure ne, kowa na yi. Yaushe kika gane?"

Na ce Juma'a, sha huɗu ga wata, ƙarfe sha ɗaya da minti goma.

"Har da minti." Ba dariya ta yi ba. "Yau nawa?"

Ashirin.

"Kwana shida. Kina zaune a nan na tsayar da mutum gaban yaran da ya koya wa tsayuwa, na ce ya tsufa." Ta tashi. "Ni zan ba shi haƙuri a gaban kowa, wannan nawa ne. Amma ke za ki fara gaya masa. Maganar kujerarki kuma sai bayan Asabar. Yanzu ba ni da wani mai kunna na'ura, kada ki ɗauka wani abu ne."

Na same shi a bayan labule yana naɗe igiya. Na faɗa masa a tsaye, a jere, yadda na rubuta. Bai daina naɗin ba sai da na gama.

Ya ce, "Ranar Asabar asibiti na je. Aka sa mini abu a kunne, wai in ɗaga hannu in na ji ƙara. Likita ya ce kunnena ya fi nasa. Na fito ina cewa to in ba kunne ba ne, kai ne ke nan. Ban gaya wa matata ba."

Na ce ya yafe mini.

Ya rataye igiyar. Ya ce, "Injiniya, jeki kunna na'urarki."

Injiniya. Ba ƙanwata ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Dogo ya koma wurinsa. Gaba ɗaya sau biyu, a kan siririyar katifa. Ya cafe.

Tsuntsu ya nuna mini leɓensa ya ce, "Farfesa, wannan sa hannunki ne, ko a digirin aka koya muku?" Aka yi dariya, ni ma na yi ƙoƙari. Giwa bai ji daɗi ba, ya ƙi kallona. Shi ma na ɗauke masa abu.

Yaya ya ce na yi wauta. Umma ta ce masa ya rufe mata baki, sannan ta juyo ta tambaye ni ko har yanzu injiniya ce ni. Na ce sai Litinin.

Asabar, 22 ga Maris

An buɗe ƙarfe huɗu na yamma. Kujera 212, babu ko ɗaya a wofi.

A zango na biyar ya kamata idona na kan fitilar agogo. Bayan Dogo na kalla. Na ga kafaɗarsa ta motsa, ya juya, hannu a buɗe, Tsuntsu na sama tukuna.

Ban sake numfashi ba sai a zango na shida.

Litinin, 24 ga Maris

Darakta ta ce ba ta ɗauke ni ba, ba ta kore ni ba. Wani mako uku. Ta ce, "Na'ura kin iya. Saura mu ga bakinki." Ban san yadda zan fassara wa Umma wannan ba.

Na sake zana zanen. Waya 32. Na mayar da zaren gefen Kabad.

Da nake shara na ga wani guntun katako a ƙarƙashin ƙafar Kabad ta hagu, ya sa ya ɗan karkace, kamar santimita ɗaya. Da jan zare. Na tambayi Darakta, ba ta sani ba. Na tambayi Tsuntsu, ya ce wataƙila Kabad na da ciwon baya. Na tsaya jim kafin na tambayi Dogo. Yana ɓare lemo a matakala. Ya ce, bai ɗago ba, "Tsoho ne ya sa." Ya ci lemonsa duka.

Karkacewar na damuna duk lokacin da na ɗaga ido. Na bar shi yadda yake. Na zana shi a ƙasan takarda, na rubuta a gefe: ban san amfaninsa ba tukuna.

Na wanke kofin. Yana ɗan yoyo ta tsagewar, amma in ba a cika shi ba yana riƙewa.